Garkar Baba a Bakin Tabki

Babana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Madarumfa, duk garin kuma Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman lakwal. A gida mutum ne mai ƙarancin magana. In ya dawo sai ya jingine motonsa, wato babur, a zaure, ya yi alwala, ya zauna kan kujera da rediyo a kunne. Ni ne babban ɗansa, amma abin da ke haɗa mu bai wuce aikin lakwal ba. Ya karɓi littafina ya duba, in akwai kuskure ya nuna da yatsa, in babu ya rufe ya miƙo mini. Ban taɓa jin an rage ni da komai ba, don na zaci duk uba haka yake.

A shekarun casa'in ɗin nan lakwal ta zama yau a buɗe gobe a rufe, saboda malamai na yawan yajin aiki. Ko ranar da aka yi karatu, da an tashi sai yara su watse. Masu uba a gida su tafi gona ko makarantar allo, sauran kuma su nufi tasha. A can masu shigo da isansi, wato fetur, daga Najeriya suke neman yaran da za su ɗauko bidon mai a keke ta hanyar daji, tunda yaro ba ya jan ido. A can kuma wasu suka koyi shaƙar sholisho, gam ɗin liƙe taya mai bugarwa, a bayan shagon masu faci.

Ina aji biyar Baba ya ari wani fili a bakin tabki wajen wani tsoho, ya kewaye shi da darni, ya fara tara irin waɗannan yara bayan la'asar. Shi ya zaɓe su da kansa, ya bi gidajensu ya nemi iznin iyaye mata da kakanni. Yawancinsu ubanninsu sun tafi cin rani ba su dawo ba, wasu kuma marayu ne. Su yi ban ruwa, su ɗan yi karatu a gindin wani iccen bedi, sannan su buga balo, wato ƙwallo, har magariba ta kawo jiki. Inna ta sauya tukunya, ta koma dama kunu a babba, ana zuwa ɗauka da bokiti.

Ranar farko na sa takalmi na biyo shi har zaure.

"Ina za ka?" ya ce.

"Garka, Baba."

"Kai kana da uwa a gida, kana da uba, kana da fitila. Koma ka yi karatunka."

Na koma. Amma bayan 'yan kwanaki Inna ta aike ni sayen kifi, sai na ratse ta bayan darnin na leƙa. Abin da na gani har yau yana idona. Babana ne da wando naɗe har gwiwa, ƙafafunsa duk laka, yana tsaron gida tsakanin duwatsu biyu. Wani yaro ya buga balo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, sai ya faɗi zaune a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ban ma san yana da ita ba. Na tsaya da kwano a hannu ina kallo, har na manta da kifin.

Yaron da ya ci shi ɗan ajinmu ne, amma ya girme ni, don ya maimaita aji. Uwarsa tana suyar kifi a bakin kasuwa, ubansa kuma ya tafi kudu da daɗewa ba labari. Shi ne mai zama can baya, mai faɗa, mai barci a kan tebur, wanda in an rasa alli ko burodin wani sai a dube shi. Idanunsa kullum jajaye. A wajena bai cancanci ko gaisuwar Baba ba. To shi ne Baba ya fi ja a jiki.

Daga nan na mai da leƙe sana'a. Duk aiken da Inna ta yi mini, hanyata ta bayan darnin nan take bi. Na ga Baba ya durƙusa kusa da ɗan mai kifi yana nuna masa yadda ake dasa salati ba tare da an karya saiwa ba. Na ga ya riƙe masa allo yana karatu yana tuntuɓe a kan kalmomin da ni na wuce tun ina aji biyu. In ya yi kuskure Baba ya ce, "Sake, a hankali." Ni kuwa in na yi kuskure ɗaya a gida, kallon da zai yi mini ya isa ya hana ni cin tuwo. Ran nan yaron ya karanta layi guda bai tsaya ba, sai Baba ya dafa kansa ya girgiza. Na taɓa nawa kan, na yi ta tunanin yaushe rabon da a dafa shi.

Na kai ƙara wajen Inna tana tankaɗe.

"Inna, mi ya sa Baba ya fi son ɗiyan mutane?"

Ba ta ɗago ba. "Wa ya ce maka ya fi son su?"

"Yana dariya da su."

"To kai dariya kake ci ko tuwo? Miƙo mini faifan can."

Sai da na miƙa mata ta dube ni, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Shi ma haka ya tashi, ba uba. Wani malami ne ya riƙe shi." Na ji, amma bai rage mini komai ba. Ni dai na san ina da uba, kuma wasu ne ke morarsa.

Ana gab da babbar salla Baba ya yi mini alkawarin zuwa Maraɗi a bayan moto, a saya mini takalmi. Ban taɓa zuwa daga ni sai shi ba. Na gaya wa duk wanda zai saurara. Ranar tun da safe na yi wanka, na shafa mai, na zauna a dakalin ƙofar gida. Baba ya fito da moton kenan sai ga mai suyar kifi ta taho da sauri, mayafinta na jan ƙasa. Ta durƙusa ta ce ɗanta bai kwana gida ba, an ce an gan shi da masu isansi sun yi wajen iyaka.

Baba ya dube ta, ya dube ni. "Jira ni," ya ce, ya tada moto.

Na jira. Rana ta take, inuwar dakalin ta gudu, ban tashi ba. Inna ta kira ni in shigo, na ƙi. Abokaina da na yi wa alfahari suka wuce suna tambaya, "Har kun dawo?" Sai bayan la'asar sakaliya na ji ƙarar moton. Baba ne, ƙura ta rufe shi har gira, ɗan mai kifi a bayansa, a wurin da ya kamata in zauna, ya rungume shi ta baya da hannu biyu. Ashe yaron ya faɗi da keke da bido a kan hanyar daji, ƙaurinsa ya tsage, mutanen da suka aike shi suka kwashe kayansu suka bar shi a wata rugga. An riga an ɗaure ciwon a gidan likita. Baba ya ciccibe shi kamar jariri ya shiga da shi, ya wuce ni a dakali. Sai da ya fito wanke hannu ya ce, "Maraɗi sai wani jiƙon." Takalmin kuwa wani direba aka ba saƙo ya sayo, ya kuma yi mini yawa.

Gidan uwarsa ɗaki ɗaya ne, ita kuma tana wuni kasuwa, don haka aka ce ya yi jinya wajenmu. A ɗakina aka shimfiɗa masa. Inna ta riƙa ware masa tsoka a miya wai don ciwo ya warke. Ni ke kai masa ruwa, ni ke fitar da kwanonsa, ba na ce masa uffan. Wata safiya ina naɗe tabarma ya ce mini, "Kullum haka kuke ci? Safe da rana da dare?"

"Eh," na ce.

Ya dubi rufin ɗaki. Can ya ce, "Da Mushe ya same ni, na zaci zai duke ni. Sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafata. Har hawaye ya yi."

Na san abin tausayi ya faɗa, amma ba tausayi na ji ba. Na ji kamar an ɗauki wani abu nawa da ban taɓa gani ba an ba shi. Na fita na tarar da Baba a zaure yana goge moto. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba.

"Baba, ni ma in na gudu za ka bi ni?"

Ya daina gugar. Ya daɗe yana kallona, har na fara nadamar buɗe baki. Sannan ya ce, "Kai ba za ka gudu ba."

A lokacin na ɗauka raini ne. Na shiga bayan gida na yi kuka mai isata.

Ban san abin da suka tattauna da Inna ba, amma bayan salla ya ce in riƙa zuwa garka ina kai bokitin kunu. Na yi murna har na kasa ɓoyewa. Sai dai a bakin darni ya tsayar da ni ya ce, "A nan Mushe nake gare ka, kamar kowa." Ya ba ni fangalin shuka ɗaya can ƙarshe, ya kuma sa ɗan mai kifi, wanda ya fara takawa da sanda, ya koya mini ban ruwa. Ni da nake na ɗaya a aji, ga ni ana ce mini, "Ba haka ba, za ka kwantar da shukar. Sassauta hannu." Kuma gaskiyarsa ce. Tumatirinsa ya fi na kowa, nawa kuwa ganye kawai ya yi. In aka raba mu wajen balo Baba ba ya taɓa zaɓena da fari, don kada a ce ya nuna son kai, shi kuma ɗan mai kifi ba ya taɓa wuce na biyu.

Duk da haushin da nake ciki, ina da ido. Yaran nan da na sani da jajayen idanu sun fara zuwa lakwal da fuska wankakkiya. Wanda ya wuni yana jan ruwa daga tabki, ya yi gudu a fili, ya sha kunu, ba ya da sauran ƙarfin zuwa tasha. In wani bai zo ba, kafin magariba an san inda yake, don sauran za su je nemansa tun Baba bai tambaya ba. Salatin da suka noma su kai wa iyayensu mata, wasu a sayar, wasu a ci. Ba duka aka samu ba. Akwai wanda ya koma wa masu isansi bai ƙara waiwayowa ba, akwai wanda sholisho ya riga ya taɓa wa kai. Amma mafi yawansu sun tsaya.

Shekarar da muka yi jarrabawar sartifika ta gama firamare, ni da ɗan mai kifi duk muka ci. Da labari ya iso muna garka. Baba ya ɗaga shi sama, ƙaton saurayi, yana juyi da shi yara na ihu. Da ya sauke shi ya juyo wajena ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Na tsaya ina jiran saura, babu saura.

Ni na wuce kwalej, na yi nisa da karatu, aiki ya kai ni birni. Shi bai daɗe a kwalej ba ya dawo bakin tabki. Da aka mai da Baba wata lakwal wajen Gabi, shi ya riƙe garkar da yaran da suka biyo baya. Yau yana da injin ban ruwa da garake nasa na kansa, motoci na ɗaukar kayansa zuwa Maraɗi, kuma har yanzu da la'asar ba a rasa yaran unguwa a wajensa.

Da tsufa ya kama Baba, ciwo ya kwantar da shi a gidanmu na Madarumfa, na ɗauki hutu na zo. Na tarar da zauren cike da magidanta, wani tela, wani direba, wani malamin asibiti, duk yaran garka. Baba ya ƙi abinci. Inna ta yi, ƙannena sun yi, ni ma na zauna gefensa da kofin kunu ina lallashi, ya kau da kai. Sai ga ɗan mai kifi ya shigo da laka a ƙafa, ya durƙusa ya ce, "Mushe, an ce ka ƙi shan kunu. Mu da ka hana mu tashi sai mun shanye?"

Baba ya buɗe ido ya yi murmushi. Ya karɓi cokali daga hannunsa, ya karɓi na biyu. Ni ina riƙe da kofin, shi yana ba shi, har ya kusa ƙarewa. Na yi wa Allah godiya da ya sha. Amma da furfurata da 'ya'yana, na ji kishin nan na yarinta ya taso mini sabo fil, har sai da na sunkuyar da kai kada a gani a fuskata.

Da na fito rakiyar ɗan mai kifi ya riƙe hannuna ya ce gobe zai kawo kifi a yi wa tsoho romo. Na ce to, Allah ya kai mu, ya gaida gida.