Garejin da Ya Hana Mijin Yayata Tafiya

Mijin yayata, Wendell Kostecki, bai taɓa tuƙa bas ba, bai taɓa ɗaure ko ƙusa ɗaya a layin dogo ba, amma duk garin da ke son sababbin motoci ko gyaran tasha a yankinmu na kudancin Ohio sai ya biyo ta hannunsa. Sana'arsa ita ce koya wa hukumomin sufuri yadda ake neman tallafi a wurin gwamnatin tarayya. Ni dai tun da ya auri yayata Lorraine nake kiransa malamin masu roƙo. Shi kuma ya ce, "Emmett, roƙo ma ilimi ne. Mai sayar da ƙusa ba zai gane ba."

Ya yi ƙuruciyarsa a Washington, a ɗaya daga cikin ofisoshin nan da ake karanta buƙatun garuruwa a ce a'a. Da ya gaji da cewa a'a, sai ya dawo gida Dunmore Ferry, ya kama ɗaki a saman shagona na kayan gini ya mai da shi ofis, ya koma koya wa mutane yadda za su kauce wa a'ar. Dogo ne, mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai, kuma karatunsa ɗaya ne ga kowace hukuma: kada ku taɓa ƙasa sai an ce ku taɓa. Kafin gwamnati ta sa hannu a aikin gini, sai ta gama bincike a kan filin, ruwansa, itatuwansa da duk abin da ke rayuwa a ciki. Wanda ya yi gaggawa ya share fili kafin a gama, ya jawo wa kansa asarar tallafin. Ya faɗi wannan a taron hukumomi, ya faɗa a wurin biki, har a zaman makoki na taɓa jin yana faɗa wa wani.

To, gwanin nan shi ne ya tafka kuskure a garinsu. Ya samo wa hukumar bas ɗinmu tallafin sababbin motoci masu aiki da lantarki, aka yi murna, aka buga hotonsa a jarida. Ranar da motocin suka iso, direban farko ya nufi ƙofar tsohon gareji, sai muka ji ƙara. Batiran motocin a kan rufinsu suke, sun fi ƙofar tsawo da kamar tafin hannu. Kowa ya auna kuɗi, ya auna hanya, ya auna hayaƙi, ba wanda ya auna ƙofa. Ba a iya ɗaga rufin garejin, don ginin ya tsufa. Ba a kuma iya sayar da motocin, don motar da aka saya da kuɗin tarayya sai ta yi shekara goma sha biyu tana aiki. Tun daga nan suke kwana a waje, direbobi na zuwa da sassafe suna kankare ƙanƙara a gilashi suna ambaton sunan Wendell, ba da addu'a ba.

Shugabar hukumar, Odessa Pruitt, tsohuwar direba ce, gajeriya, mai murya kamar ƙahon motar da ta bari. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Mista Kostecki, kai ma ka fi ƙofar tsawo, amma kullum kana shiga."

A gabana ya ɗaga hannu ya ce, "Odessa, ba zan bar garin nan ba sai na samo miki sabon gareji."

Na ce, "Sauke hannun nan, ba kotu muke ba." Bai sauke ba.

Matsalar ita ce akwai wani alkawarin da ya riga wannan. Lorraine na fama da ciwon gaɓoɓi, duk hunturu yatsunta sai su lanƙwashe har ta kasa riƙe cokali. Likita ya ce ta nemi ƙasar zafi. 'Yarsu na Tucson da jikoki, kuma Wendell ya daɗe da yi mata alkawarin zai ajiye aiki su koma can. Suka sayar da gida. Ta tafi, a kan cewa zai biyo ta da an sa hannu a takardar gareji. Shi kuma ya tare a ɗakin bayan gidana, mai sanyin nan da nake ajiye gwangwanayen fenti, da akwati ɗaya da ya ƙi kwancewa.

"Kwance kayan nan mana," in ji ni.

"Ba daɗewa zan yi ba."

Hunturu biyu ya yi yana ciro riga daga akwati yana mayarwa.

An samu fili a bayan tsohuwar masana'antar gwangwani, mai kyau, kusa da babban titi, sai dai akwai kurmin itatuwa a rabinsa. Masu bincike suka ce wataƙila wani irin jemage da ya kusa ƙarewa a duniya yana kiwon 'ya'yansa a ƙarƙashin ɓawon itatuwan. Ba a ƙidaya jemagu sai lokacin zafi, don lokacin suke nan. Ba a sare itatuwan sai cikin hunturu, lokacin da suka koma kogo barci. Ba a kuma sarewa ko a hunturun sai takardar izini ta fito. Shekarar farko takardar ta makara, jemagu suka dawo. Shekara ta biyu aka canza jami'ar da ke riƙe da maganar a Washington, sabuwar ta ce a sake ƙidaya.

Kowace Lahadi da yamma Lorraine ke kira. Ina jin ɓangarensa daga kicin: "Saura kaɗan... Eh, itatuwan ne... A'a, ba zan iya gaya wa jemage ya yi sauri ba, Lorraine."

A hunturu na uku abin ya zo kusa. Jami'ar ta ce masa takardar na kan teburin mai sa hannu, za ta fito kafin sanyi ya karye. Wendell ya fara wanke safa yana jerawa a akwati. Har na ji shi yana waƙa a banɗaki, abin da ban yi masa fatan ya maimaita ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne Lorraine ta gaji. Ta kira ƙawarta a cocinmu tana kuka, ta ce itatuwa ne kawai suka raba ta da mijinta. Ƙawar nan matar Harlan Voss ce, manomi mai katafila da zuciya irin ta mutanenmu. A nan, in aka ji maƙwabci na da matsala ba a tambayarsa. Tambaya ai kunyata mutum ce. Sai dai ka tashi da safe ka tarar an share maka dusar ƙanƙarar ƙofar gida, ko an girbe maka masara kana kwance a asibiti, ba ka san wa za ka gode wa ba. Harlan ya tara mazan coci. Suka jira Asabar ɗin da Wendell ya tafi Columbus taro, ni kuma na raka shi don ba ya son tuƙi a kan ƙanƙara.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Harlan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wen, zo ka ga wani abu. Emmett, kai ma taho, ka riƙe shi kada murna ta kayar da shi."

Muka je. Fili fetal, ko kututture ba su bari ba. An yanka itacen an jera shi gefe a tsare, an rubuta a kwali cewa duk mai buƙatar na hura wuta ya ɗiba. Mata sun kafa tebur da kofi mai zafi da kek ɗin tuffa. Mazan na tsaye hannu a aljihu, suna kallon takalmansu irin na wanda ya yi alheri yana jin nauyin a yaba masa.

Wendell ya tsaya.

Harlan ya ce, "Ba sai ka ce komai ba. Man katafilar ma kyauta ne. Je ka wurin matarka."

"Harlan," in ji Wendell a hankali, "sau nawa ka ji ni ina cewa kada a taɓa ƙasa?"

"Ai hukuma kake gaya wa. Mu ba hukuma ba ne, mu coci ne."

"Jemagun fa?"

"Mun duba. Ko ɗaya babu."

"Suna kogo, Harlan. Barci suke."

"To, ka ga ba mu tashe su ba ke nan."

Wata tsohuwa ta miƙa masa kek a faranti. Ya karɓa, ya ce ya gode, don uwarsa ta yi masa tarbiyya. Ya bi mazan nan ɗaya bayan ɗaya ya yi musu musabaha, farantin na hannunsa na hagu.

Da yamma Odessa ta zo gidana. Ba ta cire babbar rigarta ba, ta zauna a kicin ta dube shi.

"Matar nan ta Washington, ta taɓa zuwa filin?"

"A'a."

"Za ta zo kafin ta aiko takardar?"

"Ba na jin za ta zo."

"To, ni ban ga komai ba. Idona ya tsufa. Takarda ta fito, ka hau jirgi, in an tambaya mu ce bayan izini aka sare. Emmett, kai ka ga wani abu?"

Na ce, "Ni ina Columbus ina cin tsiran alade."

Na dubi Wendell. Na san abin da yake gani: rana, jikoki, Lorraine tana riƙe cokali da kanta. Sannan ya ce, "Irin aikin nan na yi, Odessa. Ba yanzu suke kamawa ba. Sai an zuba harsashi, an ɗaga bango, wani yaro mai tabarau ya buɗe hoton filin da aka ɗauka daga sama ya ga ranar da itatuwan suka ɓace. Sai su ce a dawo da komai. Lokacin ina Tucson ina shan rana, sunanki ne a ƙasan takardar. Hanyoyin bas nawa za ki rufe kafin ki biya?"

"Wannan matsalata ce."

"Ƙofar ma matsalarki ce, kuma ni na jawo miki."

"Kai dai ka cika taurin kai, dogon banza."

Washegari ya kira jami'ar daga ofishinsa, ya gaya mata komai, har da kek. Ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba, ta kuma ce ta ji tausayinsa. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: wannan filin ya fita daga lissafi. In garin na son tallafin, sai a nemi wani wuri, a fara binciken daga farko.

Odessa ta hau matakalar shagona tana haki, ta ce, "Mista Kostecki, na kore ka. Na yafe maka alkawarin, na yafe maka ƙofar. Akwai masu ba da shawara a Cincinnati, matasa, masu gashi a kai. Tafi."

"Matasan Cincinnati za su ce ki ɗauki filin bakin kogi, don yana da arha. Ruwa na cinye shi duk shekara biyar."

"Sai in ƙi."

"Sai su ce na bayan makaranta. Akwai tsohuwar maƙabarta a ƙarƙashinsa."

"Wendell, matarka."

"Na sani," in ji shi. Ya jawo taswirar garin ya shimfiɗa, ya danne gefenta da gwangwanin ƙusoshina. Odessa ta dube ni, na dube ta. Ta ja kujera ta zauna.

Harlan kuwa kwana biyu ba ya zuwa coci. Wendell ne ya je har gona ya same shi, ya ce masa itacen ya yi kyau, yana ci da wuta sosai. Ya roƙe shi abu ɗaya kawai: in ya ji an zaɓi sabon fili, ya ba shi ajiyar makullin katafila.

Lahadin da ta biyo baya waya ta yi ƙara. Ya ɗauka a tsaye, ya juya mini baya. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan kamar yana gaban hukuma, bai ambaci ƙawarta ba, bai ambaci kukan da ta yi ba. Daga ƙarshe ya ce, "Hunturu ɗaya, in an yi sa'a. In ba a yi ba, biyu. Zan zo Kirsimeti in yi mako." Ya saurara, ya saurara. Sai ya miƙo mini wayar.

"Ni take nema, ba kai ba?" na ce don in ba shi dariya, bai yi ba.

"Emmett," in ji yayata, muryarta a dushe, "har yanzu a ɗakin fentin nan yake kwana?"

"Shi ya zaɓa, Yaya."

"Ka mayar da shi ɗakin sama, na kusa da bututun ɗumama gida. Yana tari da dare, ba zai gaya maka ba. Ka kuma tabbatar yana shan maganin hawan jininsa da abinci, ba da kofi ba."

"To. In ba shi ku yi sallama?"

"A'a," in ji ta. "Yau dai a'a."

Ta kashe. Wendell na tsaye a bakin tagar kicin yana jira in faɗi abin da ta ce. Na ce masa ya zo ya kama mini katifa, matakalar nan ba ta mutum ɗaya ba ce.