Dakta Haidar Maitama da Kalmar "Za Mu Yi Nazari"

Haihuwa da Karatu

An haifi Haidar Maitama a shekarar 1957 a garin Maigatari. Mahaifinsa, Malam Maitama, dillalin riɗi ne, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Furera. Shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin Sirajo, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu a 1971 kuma ya tsaya masa har ya kammala digiri a fannin kimiyyar siyasa a Zariya. A 1983 Haidar ya samu gurbin ƙaro ilimi a Beijing, inda ya shekara shida yana koyon harshen Sinanci da nazarin dabarun Sinawa na hulɗa da ƙasashen waje.

Aure da Aiki

Ya auri Mairo Abdul-Aziz a 1990. Bayan shekara huɗu suka koma Amurka, suka zauna a garin Wheaton da ke jihar Maryland, ya kama aiki da wata cibiyar bincike a arewa maso yammacin Washington. Jigon rubuce-rubucensa shi ne cewa jami'in Sin ba ya son furta "a'a" a gaban jama'a, domin kada abokin tattaunawa ya ji kunya ƙofa ta rufe. Yakan ce "yanjiu", wato za mu yi nazari, sannan ya jira lokaci. Haidar yakan kwatanta wannan da kawaicin Bahaushe.

Saɓani da Yayansa

A watan Mayun 2011 Alhaji Sirajo ya jagoranci tawagar 'yan kasuwar riɗi zuwa wani taro a Washington, inda suka nemi wata tawagar Sinawa ta kafa masana'antar tace riɗi a Maigatari. Haidar ne tafinta. Sinawan suka karrama su da liyafa da kyautar ganyen shayi, suka ce za su yi nazari. Tawagar Alhaji Sirajo ta ɗauka magana ta faɗa, tunda a gida ba a ciyar da mai neman abu a raka shi har mota sannan a hana shi.

Washegari, ana cin tuwo a gidan Haidar, Alhaji Sirajo yana shirin buga waya gida ya yi albishir, Haidar ya ce masa a gaban 'yan tawagar: "Yaya, ajiye wayar nan, ai sallamarku suka yi." Alhaji Sirajo ya wanke hannu ya ce, "To, malamin Sinanci, mun gode," ya fita. Masana'antar ba ta zo ba. Shekara bakwai Alhaji Sirajo bai sake ɗaga wayar ƙaninsa ba, ko ranar Sallah.

Mairo ta shaida cewa Haidar bai taɓa shakkar fassararsa ba. Abin da ya dame shi shi ne ya yi kusan shekara ashirin yana koyar da Turawa yadda ake kare mutuncin abokin magana, shi kuma ya zubar da na yayansa a cikin jimla guda.

Sulhu

Bai nemi afuwa kai tsaye ba, domin hakan zai tilasta wa Alhaji Sirajo amsa cewa shi ne ya yi kuskuren fahimta. Ya bi hanyar da ya karanta. A 2018, ta hannun wani tsohon abokin karatunsa na Beijing, ya sa wani kamfanin Sin mai sayen riɗi ya rubuta wa Alhaji Sirajo wasiƙa, wadda ta fara da cewa an kammala nazarin buƙatar da ya gabatar. Sunan Haidar bai fito a ciki ba. Aka fara ciniki a kakar wannan shekarar. Bayan mako biyu da isar wasiƙar, Alhaji Sirajo ya kira shi ya ce, "Kai, Haidar, ashe dai nazarin suke yi." Haidar ya amsa, "Ashe kuwa, Yaya."

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2020. Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Maris, 2023, bayan jinyar ƙoda, aka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke Maryland. Alhaji Sirajo, wanda ya zo jinya tun watan Janairu, shi ya saka shi a kabari. Haidar ya bar matarsa Mairo da 'ya'ya huɗu: Mubina, Nasir, Shamsiya, da autansu Sirajo.