Mesa Daidai Hannun Enyonam

A garin Aneho in ka ce kana neman Enyonam, wataƙila a tambaye ka wacce. In kuwa ka ce 'yar ƙaramar nan mai kwandon mesa, kowa zai nuna maka gidan. Ta haura hamsin, amma in ta tsaya cikin 'yan aji shida sai an dubi fuska kafin a ware ta. Masu acaɓa kan ce in sun goyo ta sai sun riƙa waiwaye, don su tabbata tana nan.

Ta taso ne tana kyafa kifi tare da uwarta a bakin tafki, har Agbeko ya aure ta. Shi kuwa ƙato ne, kafaɗa kamar ƙyauren shago. Sana'arsa yawon makarantu da mesa. Yakan nuna wa yara yadda ake bambanta ta da kasa da kububuwa, wanda ake gudu da wanda ake ba hanya ya wuce, don kada su riƙa rotse duk abin da ya ja ciki. Makarantu goma sha ɗaya yake zagayawa kowane zango, da abin da ake haɗa masa a can aka yi ta ɗora tukunya a gidan. Shekara ashirin da biyu Enyonam na bayansa. Ita ke kiwon ɓerayen da mesar ke ci, ita ke wanke akwati, kuma da tafiya ta yi nisa ita ce mai yi wa yara bayani, don ta fi shi iya magana. Shi dai nasa ɗauka.

Sunan mesar Kaftin. Ta kai gaba biyu, kaurinta ya kai cinyar babban mutum.

Agbeko ya rasu da damina. Da aka gama zaman makoki Enyonam ta ce za ta ci gaba da zagayen. Wata rana da hantsi ta fito da Kaftin za ta wanke akwati, kamar yadda ta ga ana yi sau dubu. Mesar ta hau hannunta, ta zagaye kafaɗa, ta jefa wutsiya a ƙugu. Ba mugunta ta yi ba, wurin riƙo kawai ta nema. Amma Enyonam ta ja, ta ja, ko motsi babu. Nan ta tsaya a tsakar gida hannu ɗaya a ɗaure, numfashi sama-sama, har maƙwabta mata uku suka shigo suka warware ta.

Kafin yamma labari ya kai kunnen Madam Lawson, shugabar babbar firamaren garin, wadda sauran makarantun goma ke bin bakinta. Ta aika aka kira Enyonam, ta ba ta kujera, ta yi mata ta'aziyya karo na biyu. Sannan ta ce ba za ta sa 'ya'yan mutane a gaban dabbar da mai ita ba ta iya sauke ta ba. Enyonam ba ta musa ba. Ta roƙi abu ɗaya: a bar mata darasin ƙarshe na Juma'a mai zuwa, Madam ta zauna ta gani da idonta. In ta kasa ɗaukar mesa ta mayar ita kaɗai, ba za ta sake tako ƙofar ba.

A gida ta yanko igiyar shanya. Ta ware hannuwa, ta auna daga yatsan wannan zuwa na wancan, ta ƙulle. Agbeko yakan faɗa wa masu son koyon aikin cewa duk macijin da ya wuce faɗin hannuwan mai shi, na mutum biyu ne. A lokacin ba ta ɗauka maganar ta shafe ta ba.

Ranar Laraba da sassafe aka ɗora akwatin Kaftin a bayan motar kaya, ta bi ta zuwa gonar macizai da ke bayan Lome, inda Gameli, ƙanin mijinta, yake aiki. A can ake ƙyanƙyashe mesa ana tura wa masu saye a ƙasashen waje. Gameli ya tare ta da dariya.

“Matarmu, ashe kin sauka daga ƙugun Kaftin? Na ji an ce ita ta goya ki.”

“Maigida ƙarami, da ka zo ka cece ni, da yanzu ana yabonka.”

Ya karɓi Kaftin, ya ce ta samu gida. Daga nan ya rage murya, ya ce ɗakin uwarsu a ƙauye yana nan a share, ba wanda zai ga laifinta in ta huta. Ta gode masa, ta ce mesa ta zo zaɓa.

Ya kai ta wani ɗakin siminti mai sanyi, an yayyafa wa daɓen ruwa. Ya fito da guda uku. Ta farko baƙuwa ce, iyayenta daga hayin teku aka kawo su, jiki ruwan toka mai sheƙi, wutsiya ja kamar an tsoma ta a manja. Ya rataya ta a wuya, ta kwanta luf kamar gyale. Ya ce ita ce tata: yara na ganinta za su manta da Kaftin, Madam Lawson kanta sai ta miƙe tsaye. Ta biyu irin ta gida ce, ƙaramar mesar da ake samu a gonakin rogo, zanenta tsaf ba tabo. Ta uku ma ta gida ce, sai dai da wani tsohon tabo fari a gadon bayanta, inda fartanya ta taɓa samunta. Ya ce wannan don cika lissafi ya fito da ita, masu saye na waje ba sa son mai tabo, shekara uku ke nan tana cin ɓera a banza.

Enyonam ta taɓa kowacce da bayan hannu. Duk sanyi ƙalau. Maciji kuwa in ya ji sanyi, ko mafaɗaci ne lafewa yake. Ta duba idanunsu, ba wadda ta yi hazo-hazo irin na mai shirin saɓa. Ta tambayi ranar da kowacce ta ci abinci. Sannan ta zaro igiyarta daga bakin zane ta bi jikin baƙuwar da ita. Ƙullin ya ƙare, maciji bai ƙare ba.

Gameli ya ce kamu ɗaya ne kawai ya ƙaru, kuma ai ta ga halinta, ko jinjiri aka ɗora mata ba za ta motsa ba.

Gaskiya baƙuwar ta shiga ranta. Ta daɗe tana kallon jan wutsiyar nan, tana hango fuskar Madam Lawson. Daga bisani ta ce a mayar da su akwatunansu, a fitar mata da akwatunan ƙarƙashin rumfar kwano da ke waje. Za ta zauna.

“Ki zauna ki yi me?”

“In ga rana ta hau.”

Gameli ya dube ta, ya dubi daɓen da aka jiƙa. Ya ce ai masu saye da safe suke zuwa, kowa da safe yake zaɓa. Ta ce ta sani. Ta ce amma darasinta ba da safe yake ba, bayan azahar ne, a aji mai rufin kwano da yara sittin a ciki.

Ta zauna a kan benci. Ta sayi soyayyar doya da yaji wajen mai talla, ta ci rabi, ta naɗe rabi. Ma'aikata na wucewa suna gaishe ta suna ƙunshe dariya. Ɗaya ya tambayi Gameli ko sabuwar mai gadi aka ɗauka. Inuwa ta tsuke ta koma ƙarƙashin ƙafa, kwano ya fara ƙara don zafi. Ba ta tashi ba sai da inuwar ta soma fitowa ta ɗaya gefen.

Ta fara da baƙuwar. Tun kafin ta kai hannu ga murfi, abin da ya kwanta kamar gyale da safe ya lanƙwashe wuya, ya yi huci, ya kai wa wayar akwatin sara har ta amsa. Gameli ya ja baya taku ɗaya, ya sosa ƙeya, ya ce wataƙila yunwa ce. Enyonam ta tuna masa shi ya ce ranar Lahadi ta ci.

Ta biyu ba ta yi faɗa ba. Da aka ɗago ta sai ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya. Enyonam ta riƙe ta a tafin hannu, ta jira, ta jira, ba ta buɗe ba. Ta ce wannan baiwar Allah tsoro ya yi mata yawa, ba za ta kai ta cikin hayaniyar yara ta ƙara mata ba. Kuma yaran da za a nuna wa siffar kan mesa, me za su gani?

Mai tabon tana kwance a buɗe, jikinta ya ɗau ɗumi. Enyonam ta sa hannu ta ƙarƙashin cikinta ta ɗago. Ta fito da harshe, ta shinshina wuyan hannun, ta bi ta tsakanin yatsu a hankali ta koma ɗaya hannun. Aka kawo igiya: saura taƙi biyu ta kai ƙulli. Enyonam ta bar ta ta naɗe damtsenta sosai, sannan ta ce wa Gameli ya buga garwar da ke gefensa. Ya buga. Mesar ta matse. Enyonam ta kama ƙarshen wutsiya da hannu ɗaya, ta warware ta zagaye bayan zagaye, kamar mai kwance rawani. Sau uku ta sa ya buga.

“Wannan,” in ji ta.

“Matarmu, duk gonar nan ki rasa abin ɗauka sai mai gyambo?”

“Ta san fartanya, kuma ba ta riƙe mutane a zuci ba. Ka samo mini kwando.”

Shi da kansa ya shimfiɗa tsumma a kwandon, ya raka ta har titi, ya sa ta a mota, ya hana ta zama a kujerar da rana ke duka.

Ranar Juma'a ajin ya cika har taga. Madam Lawson ta zauna kusa da ƙofa, jaka a cinya. Da Enyonam ta buɗe kwando sai wani guna-guni ya tashi, ana tambayar ina Kaftin, wannan ai 'yarta ce. Ta bar su suka gama. Sannan ta juya bayan mesar ta nuna musu tabon, ta tambaye su wa ya san abin da ya yi shi. Hannuwa suka tashi da yawa, don kusan kowa da mai fartanya a gidansu. Daga nan ta shiga maganar kai da zane, wanne ne na kasa, wanne ne na mesa.

Tana tsaka da bayani aka kaɗa ƙarfen tashi, a daidai bakin tagar. Mesar ta matse hannunta har fatar ta yi fari. Madam Lawson ta ɗaga daga kujera. Enyonam ba ta katse maganarta ba. Ta kai ɗaya hannun ga wutsiya, ta warware, ta sa ta a kwando, ta rufe, ta ƙarasa abin da take faɗa game da kububuwa.

Yara suka watse. Madam Lawson ta daɗe tana gyara hannun jakarta. Can ta ce mesa dai tana girma. Enyonam ta zaro igiyar ta nuna mata ƙullin, ta ce ranar da mesar ta kai nan, da kanta za ta ajiye ta, ba sai an aiko kiranta ba. Madam ta juya igiyar a hannu, ta mayar mata, ta ce zango mai zuwa a fara da 'yan aji uku.

Shekara huɗu ke nan. Duk farkon wata takan shimfiɗa igiyar a tsakar gida, bayan azahar. Awon da ya wuce, saura taƙi ɗaya.