Kawu Ya Sa Kafaɗa a Makarar Wasa

Ana tsakiyar wasa aka sauko da makara daga dandamali, za a ratsa da ita tsakanin kujerun 'yan kallo. Kafin in ankara, Kawu Sale ya miƙe daga gefena ya sa kafaɗa.

Ni dai mayen wasan kwaikwayo ne. Na je Jidda, na je Riyad, har opera, wasan waƙe-waƙe na Turawa, da ba na jin ko kalma ɗaya na zauna na kalla. Jiya aka yi wani ɗan wasa a nan unguwar Zahir, sai na ja ƙanin mahaifiyata, wanda bai taɓa shiga irin wurin ba. A unguwar Misfala ya tsufa, inda makara ba ta wuce namiji a hanyar Harami bai karɓa ba.

'Yan wasan suka rikice. Wasu 'yan kallo suka fashe da dariya, mai gadi ya nufo shi. Kawu ko a jikinsa. Sai da ya raka su ƙofa yana hailala, sannan ya dawo ya zauna.

Na ce, "Kawu, masrahiyya ce fa, wasa ne kawai. Mutumin da ransa, an jima zai fito a tafa masa."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma su huɗu kacal, ga jama'a cike da ɗaki an zuba musu ido. Ba na so idona ya saba da haka."

Wasan kansa dai ba yabo ba fallasa.

Na sha ganin mutuwa a dandamali, ko gyara zama ban taɓa yi ba. 'Yan'uwana masu zuwa kallo, ku fa, da me idonku ya saba?