Ilu da Cokulan Kulu

Ku da kuka zauna da Ilu kun sani, zare ba ya wucewa ta gabansa ya tafi lafiya. Ko a bakin rigar mutum ya hango shi yana reto, sai ya miƙa hannu ya tsinko, ya ɗaga shi saitin rana ya kanne ido ɗaya, sannan ya sa a haƙori ya gwada ƙarfinsa. Ranar ɗaurin auren 'yata ta fari, liman na tsakiyar addu'a, na ji ana jan rigata ta baya. Ina waiwayawa na ga Ilu da zaren aikin wuyan rigar a bakinsa.

Na ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah, rigar aro ce fa."

Ya ce, "To ka gaya wa mai ita an cuce shi. Wannan zaren ko karfasa ba zai riƙe ba."

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka tun yana raye nake tsokanarsa, shi kuma bawa yake kirana, kuma ban ga dalilin dainawa ba don ya riga ni kwanciya. Lambuna yana bakin dam, daidai inda yake zama yin fatsa idan an gama aikin gona. Duk abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, ina ban-ruwan albasa.

Asalin abin, yana saurayi ya tafi ci-rani Yawuri, ya dawo da abu biyu: matarsa Kulu, da wata irin fatsa da ba mu taɓa gani ba. Da zai taho da Kulu, uwarta ta yi ta kuka, wai za a kai mata 'ya ƙasar da babu kogi, inda ba za ta sake shan romon giwan ruwa ba. Ilu ya dafa ƙirji a gaban surukai ya ce da hannunsa zai kamo wa Kulu giwan ruwa a ƙasar Daura. Ku lura, a lokacin ko dam ɗin ba a gina ba. Da aka gina shi aka zuba kifaye, sai ya ce ai dama saboda alkawarinsa gwamnati ta yi. Mun sha ce masa ya je kasuwa ya sayo banda ya huta, ya ce shi kamowa ya ce, bai ce sayowa ba.

Kowa tana yake sa wa ƙugiya, ko fara, ko ɗan ƙullin tuwo. Ban da Ilu. Shi cokali yake samu, na ƙarfe mai ƙyalli, ya yanke mariƙin, ya huda kan cokalin sama da ƙasa, ya ɗaura ƙugiya a huda ɗaya, zare a ɗayar. Zaren kuwa siririn na roba ne, fari, wanda idan ya shiga ruwa ba ka ganinsa. Ya naɗe shi a jikin gwangwanin madara, ya wulwula cokalin ya cilla can tsakiya, sannan ya dinga janyowa a hankali. Ya ja, ya dakata, ya ɗan fizga, ya saki. Idan rana ta buɗe ruwa ya kwanta, sai ya kara cokalin a hayaƙi ya rage masa haske, idan ruwa ya yi jaja da damina ya goge shi da toka har ka ga fuskarka.

Na taɓa tambayarsa wannan rawar ta mece ce. Ya ce, "Bawa, giwan ruwa rago ne, ba ya bin mai lafiya. In cokali ya yi gudu, ɗan acaɓa ne, ba zai wahalar da kansa ba. In ya kwanta, mushe ne, ba ya ci. Sai ya ga ɗan kifi mai ɗingishi." A randar Kulu yake gwajin ɗingishin nan a gida, har ta gaji ta saya masa baho.

To ina yake samun cokulan? A kayan ɗakin Kulu. Saiti guda uwarta ta saka mata, masu zanen fure a mariƙi, irin waɗanda ba a fito da su sai an yi baƙi. Kuma abin haushin, dabarar tana ci. Giwan yana zuwa, wallahi yana zuwa, na sha ganin ruwa ya tashi kamar an jefa turmi. Sai Ilu ya miƙe ya turje ya hau ja da ƙarfi, kifi na ja yana ja, can sai ka ji tas, zare ya tsinke, cokali ya tafi. Ya koma gida ya jefa wa Kulu mariƙi a cikin wani kwano. A hankali kwanon ya cika da mariƙai marasa kai.

Wata rana na ga abin ya ishe ni, na je wurin mai gyaran takalmi na karɓo zaren taya, irin baƙin nan mai kauri da ko ɗan maraƙi ka ɗaure ba zai tsinka ba. Na kai masa har bakin ruwa. Ya karɓa, ya ɗaga saitin rana, ya ciza, ya miƙo mini abina.

"Kifi ba jaki ba ne, bawa. Yana da ido."

Wannan ita ce maganarsa, kun san ta. Ko a kan taki ake gardama, in an ƙure shi sai ya ce kifi ba jaki ba ne. Ni kuma na yi zuciya, na sato cokalin shayi a gidana na haɗa irin nasa da zaren tayata, na zauna gefensa tun hantsi har la'asar. Ko kwaɗo bai kalle ni ba. Da zan tashi ya ce in bar zaren a nan, akuyarsa tana yawan shiga gonar mutane.

A shekarun da aka fara Shari'a, kun tuna yadda kowa ya koma tambayar halal da haram, har a kan abin da kakanninmu ba su taɓa tambaya ba. Wani matashi mai zafin wa'azi ya biyo ta bakin dam, ya tsaya ya kalli Ilu, ya ce masa wannan algus ne, ana nuna wa halittar Allah abinci alhali ƙarfe ne. Ni na yi dariya, amma Ilu abin ya shige shi, har tuwo ya kasa ci. Washegari ya ja ni wurin limamin unguwarmu, tsohon nan mai haƙuri, Allah ya jiƙansa shi ma. Ilu ya zayyana masa komai, har ya fito da cokalin ya nuna ɗingishin a cikin butar alwala.

Liman ya ce, "Malam Ilu, kifi nawa ka kama da wannan dabarar?"

"Tukuna dai, Allah gafarta Malam."

"Shi kuma kifin ya tafi da cokali?"

"Da dama."

Liman ya shafa gemu ya ce, "To in akwai wanda aka zalunta a wannan shari'ar, ba kifin ba ne. Ka je ka nemi yafiyar mai cokula."

Da muka zo ƙofar gida ya ce mini shi dai abin da ya fahimta an halatta masa.

Haka aka yi ta tafiya har furfura ta cinye mu. Mutane suka sa masa Ilu Mai Cokali, yara na yi masa waƙa, masunta masu jefa koma suna ce masa ya zo su ba shi aron raga. Shi ko a jikinsa. Amma ni da nake kusa na san abin yana cinsa. Ya taɓa ce mini, muna zaune ruwa ya yi shiru, "Na raba Kulu da kogin ubanta da alkawarin baka, bawa. In na mutu ban cika ba, da wane ido zan kalli tsohuwar nan uwarta?" Ban tsokane shi ba ranar.

Sai Kulu ta kwanta ciwo, wata kaka bayan an yanke gero. Ba ta cin komai, kunu ma sai an yi da gaske. Na je dubiya na tarar da Ilu a bakin gado ya yi tagumi. Cokali ɗaya ya rage a saitin, ta daɗe da ɓoye shi a ƙasan adaka. Da kanta ta sa aka ciro shi, ta miƙa masa.

Ta ce, "Malam, romon nake so. Amma in za ka yi irin jan da ka saba, bar mini abina in mutu da shi."

Ya ce, "Wane irin ja?"

"Ka ɗaura zare mai kauri kamar taki ɗaya a wuyan cokalin, sauran ka bar siririnka. Giwa da gefen kumatunsa yake yanke zare, kaifi gare shi. Kuma in ya ɗauka, ka sakar masa ya gudu. Ya gaji ka janyo, ya motsa ka sake saki. A garinmu ba a kokawa da shi."

Ilu ya saki baki. "Kulu, kin san wannan tun da can?"

"A cikin jirgin ruwa aka yaye ni."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Jama'a, ina tsaye a bakin ƙofa, dariya ta taso mini ga kuma mara lafiya, sai da na cusa hula a baki. Da muka fito ya bi ni har lambu yana kame-kame, can ya ce wai ko zaren tayan nan nawa yana nan. Na ce ai yana wuyan akuyarka. Ya je ya yanko taki ɗaya.

Kwana biyu yana jifa babu labari. Rannan da hantsi ina cikin albasa na ji ya kira sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗago na ga gwangwani na juyawa a hannunsa, zare na fita, shi kuma duk jijiyar wuyansa ta tashi don son ya ja. Yana ta faɗa wa kansa, "Saki, Ilu, saki." Kifi ya yi gabas ya bi shi ta bakin ruwa, ya yi yamma ya biyo shi, ya ratsa ta cikin lambuna ya tattake mini kwami guda na albasa. Zaren ya yanka masa yatsa, jini na ɗiga, bai ko duba ba. Sai da rana ta take sannan kifin ya juyo da farin cikinsa sama, na shiga ruwa har ƙugu na rungumo shi.

Ku bar abin da ya riƙa faɗa daga baya, cewa ya kai ɗan maraƙi. Tsawon hannuna ne, daga kafaɗa zuwa yatsa. Amma giwan ruwa ne, ba tantama. Ilu ya zauna a taɓo ya dafa kifin, ya yi ta kuka kamar yaro, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba.

Ana ɗora tukunya ya zari kan cokalin da mariƙinsa ya nufi wurin mai walda, aka mayar masa da shi. Mai walda zai toshe hudojin, Ilu ya ce babu lokaci, romo zai huce. Da shi Kulu ta sha, rabi na shiga baki rabi na tsiyayewa ta huda yana komawa kwano. Ta shanye, ta ce a ƙaro. Ya zauna yana kallonta, sai ya ce, "Kin ga dai siririn zaren ne ya kawo shi."

Na ce, "Da taki ɗaya na nawa."

Ya ce, "Kifi ba jaki ba ne, bawa."

Kulu ta tashi daga wannan ciwon, shi ne bai ga kaka ta gaba ba. Jiya na shiga gaishe ta, na tarar tana shan kunu da cokalin nan, yana ɗiga mata a zane. Jikarta ta kawo mata sabo, ta ture, ta ce wannan ya fi sanin bakinta.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ni dai na yafe albasata. Ilu ya cika wa baiwar Allah alkawari ko da ya makara, ya Ubangiji ka cika masa naka, ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ita kuma Kulu ka ba ta haƙurin zama da cokali ɗaya. Amin.