Ƙoshin da Ba Ni Na Ba Ta Ba

Haihuwata ta fari a gidanmu na Wurno na yi ta, mijina yana can Goronyo wajen Taloka yana fama da albasarsa, sai dai mu gaisa ta waya. Mace na haifa. Ni dai na taso ina ganin mata suna ba yaro nono suna tankaɗe, suna hira, har suna faɗa da maƙwabta ta kan katanga, sai na ɗauka haka abin yake ga kowa. Nawa kuwa tun kafin suna kan nonon ya tsattsage. In yarinyar ta kama sai in ji zafin har cikin ƙeyata. Ta ja kaɗan, ta saki, ta tsala kuka, ni ma in juya bango in yi nawa a ɓoye.

Dole in ɓoye, don 'yar fari ce. A gidanmu ba a nuna wa ɗan fari so a gaban manya. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, in yana kuka ki kau da kai har sai an ɗauko an ɗora miki a cinya, sannan ki karɓa kamar an tilasta ki. Na yi wannan kunyar yadda aka koya mini.

Mata uku ne a kaina. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai Gwaggo, yayar babanmu, wadda aka ɗauko daga Rabah don ta yi mini wankan jego, mace mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki. Sai matar yayana, wadda ɗakinta ke kallon namu ta tsallaken tsakar gida. Ita ɗanta bai daɗe da rasuwa ba, yana ɗan watanni, zazzaɓi ya ɗauke shi ina da tsohon ciki. Tun lokacin ba ta cin abincin kirki, ba ta hira, sai ta zauna bakin ƙofarta ta zuba wa ƙasa ido. Ina tausayinta ƙwarai, amma na lura duk sanda 'yata ta yi kuka sai ta ɗago kai kafin kowa.

Da kukan ya ƙi ƙarewa sai Gwaggo ta ce za ta gwada nonon. Ta sa na tatsa a ludayi, ta je gindin bango ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Wai in ta fito da ƙafarta nono lafiya lau ne, in ta mutu mugu ne. Muka zuba ido mu huɗu. Tururuwar ta ɗan yi iyo, ta kusa baki, Gwaggo ta karkata ludayin wai don Inna ta gani da kyau, nonon ya rufe ta. Ba ta sake motsi ba.

Gwaggo ta ce, "Kun gani? Nonon ga ba shi da kyau. Shi ka sa yarinyag ga kuka."

Na ce, "Gwaggo, ai ta kusa hita kinka karkata ludayin."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mi kinka ce? Ni za ki koya ma gwajin nono? Ubanki ma ni nig goya shi."

Inna ta harare ni. Aka shiga ba ni jiƙon sassaƙe mai ɗaci wai na wanke nono. Ranar da muka kai yarinyar rigakafi na faki idon Gwaggo na tambayi malamar asibiti. Ta duba ni, ta ce nonona ƙalau yake, kamun ne bai yi ba, ta nuna mini yadda zan tura mata shi sosai cikin baki, ta ce kada a ba ta komai ko da ruwa ne. Da na faɗa a gida Gwaggo ta taɓe baki, Inna kuwa ba ta ce uffan ba. Shirun Inna ya fi damuna, don ba halinta ba ne.

Kwatsam sai kukan ya ragu. In na tafi wankan safe na bar ta tana tsala ihu, in na dawo sai in tarar da ita tana barci shame-shame, ciki ya yi ɗam, hannuwa a sake. Haka ma da yamma. Gwaggo ta ce magani ne ya fara aiki. To, wane magani, ni da na san abin da ta sha a jikina bai kai cikin cokali ba? Ga nonona ya cika ya yi tauri, in na miƙa mata sai ta lasa ta kau da kai.

Da farko akuyar Inna na zarga. Na zagaya garke kamar mai neman wani abu, na shafa hantsarta, na ga ɗanta ma bai ƙoshi ba balle a rage wa wani. Na koma zargin madarar gwangwani. Ranar da Inna ta shiga maƙwabta na leƙa ƙarƙashin gadonta, na buɗe kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. In babu kowa a ɗaki sai in sunsuna bakin yarinyar. Ƙamshin nono ne, na mutum, kuma zuciyata ta ba ni ba nawa ba ne.

Daga nan na buɗe ido. Na lura wankana ya ƙara tsawo. Gwaggo sai ta yi ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ruwa ya ƙare ta ce a ƙaro, tana ba ni labarin mutanen Rabah da ƙarfi kamar tana magana da kurma. Na lura in na shigo ɗaki hira sai ta mutu. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa kunun kanwa ne. Kullum Inna na dama mini shi, sai na ga tana ɗiba a wani kofi ta rufe da faifai, ta yi tsallaken tsakar gida da shi. Kunun kanwa na mai shayarwa ne, kowa ya san wannan. Matar yayana kuma ta fara cin abinci, har wata rana na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa tana shara.

Ba ni da bakin tambaya. In na ce ina ake kai yarinyar in na shiga wanka, an ce na yi rashin kunya a kan 'yar fari. Sai na haɗiye, ina kallon kowa, kowa yana kallona, muna gaisawa lafiya lau.

Wata la'asar Gwaggo ta bar ni a makewayi ta tafi ƙaro ruwan zafi. Na ɗaura zani a jiƙe, na bar takalmina a wurin, na bi ta jikin bango na ɗaga labulen matar yayana. Tana zaune a bakin gado da 'yata a ƙirjinta. Yarinyar tana sha hankali kwance, ina jin ƙarar haɗiyarta daga bakin ƙofa, irin shan da ban taɓa ganin ta yi a jikina ba. Inna na zaune a ƙasa tana gadi, gadin ma bai yi ba.

Na yi niyyar fizge ta, hannuna ya ƙi. Na tsaya ruwa na ɗiga daga jikina har ta ƙoshi ta saki don kanta. Wannan tsayuwar ita ce abu mafi zafi da na yi a jegon nan, ta fi ruwan Gwaggo.

Inna ce ta fara magana. "Tunda kin gani, zamna ki ji. Mun yi shawara da Gwaggonki. In kin gama arba'in ki koma ɗakinki, ki bar ta nan. Ke ki huta da wahala, yarinya ta ƙoshi, ita ko wagga baiwar Allah ta samu abin riƙo. Ɗiyar hwari dai ko ba yau ba gida aka kawo ta."

Gwaggo ta iso da bokitinta, ta ajiye. "Kuma ko sau guda tash sha, ta zama uwatta. Wanga ba mai kwance shi."

Gaskiya ta faɗa, na sani, kuma shi ya ƙara ƙona mini rai. An yi wa 'yata wata uwa ina bayan gida ana fyaɗa mini ganye. Matar yayana dai ba ta ɗago kai ba.

Na ce, "Inna, ɗiyata ta. Ni nih haihe ta, kuma da ni za ta."

Inna ta riƙe haɓa. "A gabana kika hwaɗin haka? Ina kunyakki?"

Na sunkuya na ɗauki yarinyar da hannuna, a gabansu, na fita.

Ba zan ce shawararsu ba ta shige ni ba. Da na zauna ni kaɗai na duba kumatun yarinyar, sun ciko, kuma ba ni na cika su ba. Na duba ƙirjina, ga tsaga ga jini. Wani ɓangare na zuciyata ya ce ki bari mana, ki yi barci kamar kowa, wa ya ce sai a jikinki za ta rayu? Da sun zo sun tambaye ni tun farko, wallahi ban san abin da zan ce ba. Amma ba su tambaye ni ba, kuma na kasa raba ɗaya biyu: don 'yata ta ƙoshi suka yi, ko don su share wa surukarsu hawaye da 'yata? Har yau in na tambayi Inna sai ta ce in bar tone-tone.

Na ci gaba da ba ta. In zan shiga wanka sai in shimfiɗa mata tabarma a bakin makewayi inda idona zai kai. In za ta kama sai in cusa gefen zani a baki in cije. Kukan ya dawo, kumatun suka ɗan faɗa, duk wanda ya shigo sai ya dube ta ya dube ni. Kofin kunu ya daina tsallaka tsakar gida, waƙar shara ma ta ɗauke. A hankali tsagar ta fara kamewa, yarinyar ta fara sha, ko da yake kullum sai mun yi kokawa kafin ta yarda.

Ranar komawa Goronyo mota na ƙofar gida, an gama loda kaya, Gwaggo ta kame a gaba don ita za ta raka ni. Matar yayana ta fito ta ce, "Ba ni ita in yi mata sallama." Na ba ta, amma ban matsa ko taku ɗaya ba. Yarinyar na jin jikinta ta juya kai tana lalube da baki. Nan take gaban rigarta ya jiƙe. Ita da kanta ta yi sauri ta miƙo mini ita, ta jawo mayafi ta rufe ƙirjinta, ta matso kusa da kunnena.

Ta ce, "Ki riƙa hwara mata da na hagu. Shi taka so."

Na shiga mota. Ba mu fita Wurno ba yarinyar ta fara kuka. Na rufa mayafi na ba ta na dama, ta ƙi. Na sake tura mata, ta banƙare tana ihu har direba ya waiwayo. Na daure har muka hau babbar hanya, sannan na juya ta hagu. Ta kama nan da nan, ta yi shiru, tana sha.