Shanun da Bawa Ya Gayyato

Duk mai bin hanyar Tondibiya ya san Bawa ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai hular kaba da ke tuƙa tsohon keke, hauya ɗaure a baya, yana faɗa da masu taksi kamar su suka hana ruwan sama zuwa. A Yamai aka haife shi, amma ubansa mutumin Tawa ne da ya zo cirani ya zauna. Wani dattijo Bazabarme ya ara wa uban gona a bayan gari, bisa sharaɗin da kowa ya sani: ka shuka hatsi ka girbe, amma ba ka dasa itace, ba ka gina rijiya, domin waɗannan aikin mai ƙasa ne. Uban ya riƙe amana har ya rasu, Bawa ya ɗora daga nan. Ko dogon yaro ne ya tsiro da kansa sai ya tumɓuke shi, ya koma ya sha furarsa cikin rana.

Gonar ta ciyar da gidan shekara da shekaru, sannan ta gaji. Zangarniya ta koma kamar ɗan yatsa. Matarsa Fatuma ta ce taki ƙasar take so, shi kuwa ko akuya ba shi da ita. Sai ya yi abin da manoma suka saba yi: bayan girbi a nemi mai shanu ya kwantar da garke a gona, su ci kara su bar kashi, da hadari ya fara haɗuwa su tashi. Ya je har gidan Alhaji Zubairu mai shagunan siminti, ya cire takalmi, ya durƙusa ya roƙa. Wannan durƙuson shi ne abin da ke ci masa rai har yau.

Shanu suka zo tare da makiyayinsu Musa, mutum mai shiru-shiru, ya kafa bukkarsa a gefe. Ba a daɗe ba Alhaji ya iso cikin mota.

"Malam Bawa, kogi da nisa, shanun ga suna wahala," in ji shi. "Mi za ya hana mu gina 'yar rijiya nan? Kai ma ka huta da ɗauko ruwa."

Bawa ya san sharaɗi sarai. Amma ya ce a ransa ai shi aka hana, ba baƙo ba. Ga dattijon ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa na can suna ta rigimar gado, ba mai leƙo gonar. Kuma gaskiya ya gaji da ƙishirwa. Bai tsaya ga cewa to ba, har rami ya shiga yana miƙo ƙasa, da ruwa ya ɓullo shi ya fara kabbara.

Bayan rijiya aka kawo dashen mangwaro, wai don Musa ya samu inuwa. Bayan mangwaro aka kawo waya, wai don kada shanu su cinye dashen. Wayar nan kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba, duk zuwan da Bawa zai yi sai ya tarar ta matso.

Ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka fita shuka, shanu ko gezau. Bawa ya yi ta sintiri gidan Alhaji: yau ya fita, gobe yana barci, jibi ya yi tafiya. Da ya gaji ya kai ƙara wurin mai gari, aka tara su. Mai gari ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaya a hankali:

"Kai da tsohonka, mi kunka aje cikin gonar ga?"

"Ranka shi daɗe, ba mu aje komi ba. Hana mu anka yi."

"Rijiyar fa, ta wa ce?"

"Ta Alhaji, amma ni na..."

"Mangwaron fa?"

Mai gari ya ce ƙasar dai ta magada ce, kuma su ba su gama rabonsu ba, saboda haka kowa ya tsaya inda yake har a gama. Hukunci mai daɗin ji ke nan. Sai dai inda Alhaji yake shi ne cikin gona, inda Bawa yake kuwa bayan waya. Mutumin da ya kiyaye ƙa'ida tun yana yaro ba shi da ko reshe ɗaya da zai nuna, wanda ya take ta da rana tsaka yana da shaidu masu ganye. Wannan abu da ban haushi yake, wallahi.

Yanzu Bawa na yin ƙwadago a fadamun shinkafa na Saga. Ran nan a teburin mai shayi rediyo na ba da labarin Falasɗinu, yadda 'yan kama-wuri-zauna na Isra'ila ke kafa rumfa a kan tudu da 'yan tumaki, kafin a ankara masu gonaki ba su iya kusantar wurin. Mutane na ta salati. Bawa ya ajiye kofi ya ce, "Su ko ba su ne sunka tahi sunka roƙo a zo ba." Ba wanda ya yi dariya.

Duk da haka bai daina zuwa ba. Yakan jingine keke ya tsaya jikin waya yana kallo. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi, ciyawa har gwiwa. Tun zamanin ubansa bai taɓa ganin ta haka ba. Wata safiya Musa ya ga abin ya ishe shi, ya cika buhu da busasshen kashin shanu, ya ɗaga ya miƙo ta saman waya.

"Karɓi, Malam. Ai don wanga ka kira mu."

Bawa ya karɓa da hannu biyu, don ba a mayar da alheri. Ya rungumi buhun, ya dubi gabas ya dubi yamma.

"Na gode, Musa," ya ce. "To, ina zan zuba shi?"